Takalmin Ranar Sassarfa

Harshen Hausa bai yi rowar kalmomi ba wajen bayyana yadda ɗan'adam yake cira ƙafa ya ajiye. Akwai tafiya, akwai sauri, akwai sassarfa, sannan akwai gudu. Shi kansa gudun an karkasa shi: wani ya sheƙa, wani ya arce, wani ya ranta a na kare, wani kuma ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Idan aka lura da kyau, kusan dukkan waɗannan maganganu suna da dangantaka da tsoro ko neman tsira. Wannan ne ya sa har gobe idan aka ga magidanci mai furfura yana gudu a bakin titi da sassafe, abin da ake fara tambayarsa shi ne, "Lafiya?" Sassarfa ce kaɗai a cikin jerin ba ta ɗauke da firgita, domin ita gudu ce ta mai natsuwa, wanda ba a biyo shi ba, shi ma bai biyo kowa ba. A kan sassarfa da takalmin da ya dace da ita wannan bayani zai tsaya, kamar yadda al'amarin ya kasance ga wani malamin sakandare a Zariya.

Malamin nan yana da shekara 52 lokacin da likita ya auna shi ya ce jininsa ya hau. Maganar ta girgiza shi ƙwarai, saboda ciwon shanyewar ɓarin jiki ne ya kwantar da mahaifinsa shekara huɗu kafin ya rasu, ga shi kuma autarsa ko firamare ba ta gama ba. Likita ya ɗora shi a kan magani, ya hana shi yawan gishiri, ya kuma umurce shi da motsa jiki na aƙalla minti 150 a kowane mako, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar wa baligi. Malam ya fara da tafiya. Bayan wata biyu, da izinin likita, sai ya koma gudu bayan sallar asuba, sanye da wani tsohon kambas mai siririn tafi da yake zuwa gona da shi. Da yake mutum ne mai ƙwazo, kullum burinsa shi ne gudun yau ya ɗara na jiya sauri. Ba a yi mako shida ba sai ƙwaurinsa ya soma zafi, gwiwar dama kuma ta riƙa yi masa suka a ƙarƙashin ƙoƙonta. Abin ya kai zaman tahiya ya gagare shi, har ya yi kwana uku yana salla a kan kujera a ƙarshen sahu. A nan ne ya shiga tsaka mai wuya: idan ya bar gudu, ga hawan jini, idan ya ci gaba, ga gwiwa.

A makarantar akwai wani matashin malamin wasanni, ɗan asalin Jihar Filato, wanda ya yi gudun dogon zango tun yana yaro, kuma Malam ya taɓa koyar da shi. Da ya ji labari sai ya same shi a ɗakin malamai, ya russuna ya gaishe shi, sannan ya ce, "Allah ya gafarta Malam, a kwana bakwai na mako, kwana nawa kake yin gudu mai tsanani?"

Malam ya ce, "Ai duk ranar da na fita, iyakar ƙarfina nake yi."

Matashin ya ce, "To, Malam, ka fi zakarun duniya ƙoƙari ke nan, domin su ba sa yin haka. Idan ba za ka iya yin hira da na kusa da kai kana gudu ba, saurin ya yi yawa. Ka rage, sannan mu nemi takalmin da aka yi domin irin wannan rana."

Abin da matashin nan ya faɗa yana da tushe. Wani masani mai suna Stephen Seiler, Ba'amurke da ke aiki a ƙasar Norway, ya bi diddigin atisayen gwanayen wasannin juriya, ya gano cewa kimanin kashi 80 cikin ɗari na atisayensu a hankali suke yin sa, ragowar kashi 20 ne kawai mai tsanani. Eliud Kipchoge na ƙasar Kenya, wanda ya yi gudun fanfalaki na kilomita 42.195 cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a birnin Biyana ranar 12 ga Oktoba, 2019, a wani gwaji na musamman da ba a lissafa shi cikin gasa ba, ya cinye kowace kilomita a ƙasa da minti uku. Amma a sansaninsu na Kaptagat, shi da abokan atisayensa sukan fara gudun ranar sauƙi da sassarfar da ɗan koyo ma zai iya bin su. Dalili kuwa shi ne, gudu mai tsanani yana gajiyar da tsoka, ya takura jijiya da ƙashi, kuma a lokacin hutu ne jiki yake gyara abin da ya taɓu, ya ƙara masa ƙwari. Zuciya da huhu suna saurin sabawa da aiki, amma ƙashi da jijiya sai sun ɗauki watanni. Saboda haka masu horarwa suka ware gudu iri biyu masu taushi: gudun sauƙi, wanda shi ne na yau da kullum, da gudun warware gajiya, wato gajeriyar sassarfar da ake yi kashegarin aiki mai nauyi.

Tun da yawancin kilomitocin da mai gudu zai yi a ranakun sauƙi suke, ashe takalmin ranar sassarfa ya fi kowane takalmi shan aiki. Lissafin a bayyane yake. Mai sassarfa yakan yi taku kimanin 160 a minti ɗaya, wato taku 6,400 a minti 40. A kowane taku, ƙarfin da ke dukan ƙafa yakan kai ninki biyu zuwa uku na nauyin jikin mutum. Malam yana da nauyin kilo 84, don haka kowace ƙafa tana karɓar abin da ya kai nauyin kilo 170 ko fiye, sau dubbai, a kan kwalta wadda ba ta lotsawa ko kaɗan. Abin da ke tsakanin tafin ƙafa da kwaltar nan shi ne soson da aka shimfiɗa a tsakiyar ƙasan takalmi, wanda za a iya kiransa katifar takalmi. Aikinsa kamar na shokazoba ne a jikin mota: yana lotsawa idan an taka shi, ya taso idan an ɗaga ƙafa.

Masana da masu ƙera takalma sun daɗe suna kai da komowa a kan yawan katifar da ta kamata. A gasar Olamfik ta birnin Rum a 1960, Abebe Bikila na ƙasar Habasha ya lashe gudun fanfalaki ba takalmi, cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16. A ta birnin Tokiyo a 1964 ya sake lashewa, wannan karo da takalmi, ya kuma rage fiye da minti uku. Daga shekarun 1970 aka fara yin katifar da wani nau'in roba mara nauyi da ake kira EVA. A 2010 Daniel Lieberman na Jami'ar Harvard ya wallafa binciken da ya nuna cewa waɗanda suka saba gudu ba takalmi, ciki har da mutanen Kenya da ya nazarta, sun fi sauka a kan gaban ƙafa maimakon diddige, kuma hakan yana rage kaifin bugun farko. A wannan zamani aka yi yayin takalma marasa katifa a Amurka da Turai, har wasu suka riƙa sayar da su da alkawarin rage rauni. A 2014 kamfanin Vibram ya amince ya biya dala miliyan 3.75 domin sasanta ƙarar da masu saye suka shigar a kan irin wannan alkawari, ba tare da ya amsa laifi ba. Ana cikin wannan yayi ne wasu Faransawa biyu, Nicolas Mermoud da Jean-Luc Diard, suka bi kishiyar hanya: a 2009 suka kafa Hoka, suka yi takalmi mai kaurin katifa ƙwarai domin saukowa daga duwatsu da gudu. Cikin 'yan shekaru sauran manyan kamfanoni suka bi sahu. Kaurin ya yi ta ƙaruwa har a 2020 hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta ƙayyade cewa takalmin gasar kan titi kada kaurinsa ya wuce milimita 40. Wannan doka ta gasa ce, ba ta hana mutum yin atisaye da wanda ya fi haka ba.

To, shin katifa mai kauri tana kare mai gudu daga rauni? A nan ne ya kamata mai saye ya natsu, domin amsar tana da rassa. A 2018 Juha-Pekka Kulmala da abokan aikinsa a ƙasar Finland sun gwada mutum 12 da takalmi mai kauri da kuma matsakaici. Sai suka tarar cewa idan aka sa mai kaurin, ƙafa takan ƙara sanƙarewa da kanta, har bugun ya ƙaru maimakon ya ragu. Wato jiki yana da nasa ma'auni: idan ya ji ƙasa ta yi laushi, sai ya tsaurara gaɓoɓi don kada ya nutse. Abin lura shi ne, ƙaruwar bugun ta fi yawa a gudun kilomita 14.5 cikin awa, ta kuma yi ƙaranci a gudun kilomita 10 cikin awa. A ɗaya ɓangaren, a 2020 Laurent Malisoux da abokan aikinsa a ƙasar Luxembourg sun wallafa sakamakon wani gwaji mai faɗi. Sun raba wa masu gudu 848 takalma masu kama ɗaya, wasu da katifa mai laushi, wasu da mai tauri, suka bi su har wata shida. Masu takalmi mai tauri sun fi samun rauni. Amma da aka rarraba mutanen bisa nauyin jiki, sai aka ga marasa nauyi ne suka ci moriyar laushin, masu nauyi kuwa ba a ga wani bambanci bayyananne a wurinsu ba.

Idan aka haɗa waɗannan sakamako, abin da za a iya faɗa da gaskiya shi ne: katifa mai laushi tana taimakon wasu, ba ta ɗauke wa kowa nauyin jikinsa, kuma ta fi dacewa da tafiyar hankali fiye da ta gaggawa. Akwai kuma batun nauyin takalmin kansa. An daɗe da aunawa cewa kowane ƙarin giram 100 a takalmi yana ƙara wa mai gudu wahala da kimanin kashi ɗaya cikin ɗari. Wannan asara ce ga mai neman lashe gasa, amma ga mai sassarfar asuba ba ta da wani tasiri. Daidai ruwa, daidai tsaki. Shi ya sa Benno Nigg na Jami'ar Calgary a ƙasar Kanada, wanda ya shafe shekaru da yawa yana nazarin takalman gudu, ya ba da shawara a 2015 cewa jin daɗin ƙafa shi ne ma'aunin da ya fi cancanta a dogara da shi wajen zaɓe. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Saura batun kuɗi, wanda shi ne ya fi damun Malam. Sabon takalmi irin wannan yakan kai dala 150 ko fiye a ƙasashen da ake sayar da shi da yawa, abin da ya ninka mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a Nijeriya a 2024 fiye da sau biyu. Saboda haka wajen 'yan gwanjo suka nufa, shi da tsohon ɗalibinsa, bayan la'asar. Da gangan suka zaɓi wannan lokaci, domin ƙafa takan ɗan kumbura da yamma, kamar yadda take yi ana cikin gudu. Malam ya tafi da safar da yake gudu da ita.

Mai kaya ya tarbe su da fara'a, ya ɗauko wani takalmi mai tudu kamar curin burodi, ya ce, "Alhaji, ga naka. Wannan idan ka sa, sai ka ce a kan auduga kake tafiya."

Matashin ya karɓa ya juya shi, ya ce, "Bari mu duba tukuna, Maigida."

Dubawar da ya yi darasi ce ga duk mai sayen takalmin gudu na hannu. Da farko ya ajiye ƙafa biyun a kan benci ya hango su ta baya, don ya ga ko ɗaya ya karkace, domin takalmin da ya karkace ya riga ya ɗauki salon takun mai shi na farko. Sai ya duba gefen katifar, ya ga ta yi tamoji masu zurfi, ya danna ta da babban yatsa daga ciki, ya ji ba ta tasowa. Fuskar takalmin tana ƙyalli, amma katifar ta mutu. Masu ƙera takalma da masu horarwa sukan ƙiyasta rayuwar takalmin gudu tsakanin kilomita 500 zuwa 800, kuma sau da yawa katifa takan riga fuska lalacewa. Wanda ya sayi gwanjo bai san kilomita nawa aka riga aka ci ba, don haka ido da yatsa ne kaɗai shaidunsa. Aka mayar da wannan.

Na biyu sabo ne fil, ga laushi har ya yi yawa, amma ƙasansa siriri ne. Da Malam ya sa shi ya tsaya da ƙafa ɗaya, sai idon sawunsa ya riƙa rawa. Wannan aibi ne babba, musamman ga mai nauyin jiki, kuma ga wanda rabin hanyarsa burji ce mai tsakuwa da ramuka. Gwargwadon tudun takalmi, gwargwadon nisan ƙafa da ƙasa, kuma gwargwadon sauƙin gurɗewa idan an taka gefen dutse. Takalmi mai kauri yana bukatar faffaɗan gindi da bayan da ya riƙe diddige sosai. Aka mayar da shi ma.

Na uku bai kai na biyu laushi ba, bai kuma kai shi kyan gani ba, amma gindinsa faffaɗa ne, robar ƙasansa ba ta suɗe ba, katifarsa kuma tana tasowa da zarar an saki. Matashin ya sa Malam ya ɗaure igiya ya miƙe tsaye, ya auna ya ga akwai faɗin babban yatsa tsakanin dogon ɗan yatsan ƙafa da bakin takalmi. Ya kuma duba tazarar da ke tsakanin tudun diddige da na gaban ƙafa, wadda a takalman gudu takan kama daga sifiri zuwa milimita 12. Idan tazarar ta yi ƙasa sosai, aikin yakan koma kan agara da sha-raɓa. Idan ta yi sama, gwiwa takan ɗan ƙara ɗaukar kaya. Suka ga ta wannan matsakaiciya ce. Daga nan Malam ya nemi izinin mai kaya, ya yi 'yar sassarfa zuwa ƙarshen layi ya dawo, 'yan kasuwa suna dariya suna cewa, "A gaishe ka, Baba!" Bai ji matsi ba, bai ji diddige yana zamewa ba. Aka yi ciniki, aka sallama.

Takalmin bai warkar da gwiwa ba, kuma tun farko matashin bai yi wannan alkawari ba. Malam ya koma wurin likita aka duba gwiwar, ya huta mako biyu, sannan ya dawo da tsari sabo: fita sau huɗu a mako, uku daga ciki sassarfa ce tsantsa wadda yakan haɗa da tafiya idan numfashi ya yi sama, ɗaya kuma yakan ɗan ƙara sauri a filin makaranta inda ƙasa take da laushi. Akwai wani tarko da matashin ya gargaɗe shi a kai. Takalmi mai katifa yana ɓoye gajiyar tafin ƙafa, sai mutum ya ji kamar zai iya ƙara nisa da sauri, alhali ƙashi da jijiya ba su shirya ba. Don haka Malam ya riƙe ma'aunin hira: yakan fita da wani maƙwabcinsa, duk lokacin da magana ta fara yankewa, sai su rage. Bayan wata uku ya koma sahun gaba a masallaci, yana zaman tahiya ba tare da dafa ƙasa ba. Maganin hawan jini kuwa bai daina sha ba, domin likita bai ce ya daina ba.

Daga baya, da ya sami hali, ya ƙara sayen wani takalmi mai matsakaiciyar katifa domin ranar ƙara sauri. Wannan ma yana da madogara, saboda wani binciken na Malisoux da aka wallafa a 2015 ya nuna cewa masu sauya takalma sun fi masu takalmi ɗaya ƙarancin rauni da kashi 39 cikin ɗari, mai yiwuwa don kowane takalmi yana rarraba nauyi a jiki ta hanyarsa. Mai kaurin kuwa ya keɓe shi ga ranakun sassarfa kawai. Ba ya zuwa aji da shi, ba ya zuwa kasuwa, ba ya kuma shanya shi a tsakar rana ko barinsa cikin mota a rufe, domin zafi mai tsanani yana lalata soso da gam ɗin da ya riƙe shi. A bayan littafinsa na tsarin darasi ya ja layi uku, na kwanan wata, da na nisa, da na yadda gwiwa ta kwana, yana cikewa duk ranar da ya fita. Da yake gwanjo ne, ya yanke cewa da zarar lissafin ya kai kilomita 400 zai sake ɗora takalmin a kan benci ya hango shi ta baya.

Ɗaliban da ke shirin zama malamai za su tarar da irin wannan lamari a makarantun da za a tura su, musamman idan gasar wasanni ta gidaje ta ƙarato, lokacin da ake tara yaran da ba su yi atisaye ba duk shekara a ce su yi ta zagaya fili da iyakar ƙarfinsu kullum. Yawancin yaran nan ba su da halin sayen takalmi mai katifa, wasu da silifa za su zo, wasu ba komai a ƙafarsu. Abin da malami yake da iko a kai shi ne ya raba musu ranakun mako, ya sa mafi yawansu su zama na sassarfa, ya zaɓa musu fili mai laushi wanda aka share ƙaya da kwalabe, ya kuma saurari yaron da ya ce ƙwaurinsa yana ciwo. Tafiya sannu sannu, in ji Hausawa, kwana nesa.